Babi na Bakwai: Harry Manx da Jita Mai Tsirkiya Ashirin

A shekarar 1990 Harry Manx yana zaune a Japan, yana da shekara 35 a duniya, ba shi da wata sana'a sai jita, kuma ba kowa ya san da zamansa ba. A can ne ya ji faifan wani makaɗin Indiya mai suna Vishwa Mohan Bhatt. Jita ce ake kaɗawa a faifan, kuma ta hanyar da Manx ya daɗe da sani: a riƙa goga ƙarfe a kan tsirkiya maimakon a danne ta da yatsa. Haka tsofaffin makaɗan blues na kudancin Amurka suke yi. Sai dai abin da wannan jitar take faɗa, ba da bakin mutanen Misisipi take faɗarsa ba. Wannan faifan ne ya kai Manx jihar Rajasthan, ya zaunar da shi shekara biyar a gaban malami, ya kuma haifar da salon da aka san shi da shi yau.

Masu haɗa kiɗan wata ƙasa da na wata suna da yawa, kuma yawancin abin da suke fitarwa gamin gambiza ne: a ɗora ganga daga nan, a yayyafa sarewa daga can, a saki. Na Manx ya zauna daram. Kafin a gane dalili, sai an san mutumin, an san kayan aikinsa, an kuma san inda kiɗan biyu suka dace da inda suka ƙi juna.

Yaron makaɗa

An haifi Manx a 1955 a tsibirin Man, wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa lardin Ontario na Kanada. Yana da shekara 15 ya fara bin makaɗa, yana ɗaukar musu kaya, yana jan wayoyi, har ya zama mai kula da na'urar sauti a El Mocambo, wani sanannen gidan kiɗa a birnin Toronto. Wanda ke zaune a bayan wannan na'ura dare bayan dare, sauraro ne aikinsa, kuma makaɗan blues na daga cikin masu hawa wannan dandali. A nan kunnensa ya nuna.

Cikin shekarun 1970 ya ɗauki jitarsa ya tafi Turai, yana kiɗa a bakin titi da wuraren shan shayi, abin da aka jefa masa shi ne cinsa. Daga nan ya wuce Japan, daga Japan sai Indiya. Kiɗan bakin titi makaranta ce mai tsanani. Mai wucewa bai sayi tikiti ba, ba ya jin kunyar kowa, idan bai ji daɗi ba sai ya ƙara gaba. Makaɗin titi dole ya zama shi ne mawaƙi, shi ne mai ganga, shi ne 'yan amshi. Shi ya sa har gobe Manx yakan hau dandali shi kaɗai, a zaune, jita kwance a cinya, ƙafa tana buga ƙasa, hamonika a baki.

Abin da ke tsakanin sauti da sauti

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne ga kiɗan Indiya. Tun tsakiyar ƙarni na 20 gidajen sinima na Kano da sauran birane suke nuna finafinan Bombay, kuma muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi sun shiga gidaje da tashoshin mota. Amma waƙar fim reshe ce. Uwar bishiyar ita ce tsohon kiɗan raga, wanda aka yi rainonsa a fadojin sarakuna da ɗakunan ibada ɗaruruwan shekaru, irin wanda Tansen ya yi a fadar Sarki Akbar a ƙarni na 16. Ya kasu biyu: na arewa, Hindustani, da na kudu, Karnatik. Bhatt ɗan na arewa ne.

Mutanen Indiya suna ƙirga matakan sauti bakwai: sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Biyu daga ciki, sa da pa, ba sa motsi. Re da ga da dha da ni ana iya sassauto da su ƙasa kaɗan, ma kuwa ana iya ɗaga shi. Kowane raga yana zaɓar matakansa, yana da hanyar hawa da ta sauka, yana da matakin da yake yawan yada zango a kansa, yana kuma da lokacinsa. Bhairav na asuba ne, Yaman na farkon dare, Malkauns na tsakar dare.

Duk da haka, wanda ya haddace matakan nan kawai bai san raga ba. Ransa yana cikin tafiyar da ake yi daga wannan mataki zuwa wancan. Makaɗi ba ya tsallakawa; jan sautin yake yi, yana zamewa da shi a hankali har ya sauka inda yake so. Wannan zamiya sunanta meend. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya ga yadda yake matsa igiyoyin da hammata bayan ya buga, sautin ya lanƙwasa ya hau sannan ya sauko, ya san abin da ake nufi. Muhimmancin wannan a wurinsu ya kai har gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa harmonium, wato akwatin kiɗan nan mai zugazugi, daga 1940 zuwa 1971, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojin shi ne ba ya iya zamewa tsakanin sautuka.

To, blues ma a wannan tsakanin yake zaune. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, wanda ya fito fili a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 daga gonakin auduga da sansanonin aikin ƙarfi. Mawaƙin blues yana da matakan da ba ya sauka daidai a kansu. Yakan tsaya tsakanin biyu, yana lanƙwasa murya, a wurin da fiyano ba ta da maɓalli. Masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da blues, ya bi sawun wannan salon rera waƙa zuwa filayen Afirka ta Yamma da ke kudu da Sahara, kuma kiɗan goge na Hausawa yana cikin misalan da ya kafa hujja da su.

A 1977, lokacin da Amurka ta harba kumbunan Voyager guda biyu zuwa sararin samaniya, an maƙala wa kowanne faifai mai ɗauke da zaɓaɓɓun sautukan duniya. A cikinsa akwai wani kiɗa da makahon mawaƙi Blind Willie Johnson ya ɗauka a 1927, wanda babu kalmomi a ciki sai nishi da kukan jita. Akwai kuma muryar Kesarbai Kerkar tana rera raga Bhairavi. Babu wanda ya san ɗan'uwansa a cikinsu. Amma idan aka saurare su a jere, za a ji duka biyun ba sa gaggawar isa mataki, jin daɗinsu yana kan hanya.

Tafiyar ƙarfe

Jita ta Turawa tana da ƙananan ƙarafa da aka gindaya a wuyanta, waɗanda suke yanka sauti gaɓa-gaɓa. Da yatsa kaɗai, zamiyar da za ka iya yi a kanta kaɗan ce. Maganin wannan shi ne a ɗora wani abu mai santsi a kan tsirkiya a riƙa jan sa.

A tsibiran Hawai, ana danganta wannan dabara ga wani saurayi, Joseph Kekuku, wajen 1889: ya kwantar da jita a cinya, ya riƙa jan sandar ƙarfe a kanta. A Misisipi kuwa, mawaƙi W. C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler, ya ji wani mutum yana kaɗa jita da wuƙa. Wasu kan fasa kwalba su zura wuyanta a ɗan yatsa. Da wannan Son House da Robert Johnson da Muddy Waters da Elmore James suka yi aiki.

Jitar Hawai ta bi jiragen ruwa ta zaga duniya. Tau Moe da iyalinsa, makaɗa masu yawo daga Hawai, sun zauna a Kalkata cikin shekarun 1940, kuma jitar ta samu karɓuwa a Bengal da kiɗan fim. Ba ta zo wa Indiyawa a matsayin abin mamaki ba, domin suna da nasu kayan kiɗan da ake zamewa a kansu, irin su vichitra veena a arewa da gottuvadyam a kudu. Wanda ya fara shigar da jitar zauren manyan makaɗan raga shi ne Brij Bhushan Kabra, almajirin shahararren makaɗi Ali Akbar Khan, wanda faifan da ya yi tare da Shivkumar Sharma da Hariprasad Chaurasia a ƙarshen shekarun 1960, *Call of the Valley*, ya bazu har Turai.

Bhatt, wanda aka haifa a Jaipur a 1950 cikin gidan makaɗa, kuma ya yi karatu a hannun babban makaɗi Ravi Shankar, ya ƙara gaba. Ya ɗauki jita ya sake mata halitta, ya kira ta Mohan veena.

Ga yadda take. Daga nesa jita ce mai ƙaton ciki, kwance a cinyar makaɗi. Idan ka matso sai ka ga tsirkiya hawa biyu. A sama akwai guda uku da ake fitar da waƙa da su, da guda biyar da ake taɓawa don su riƙe amo da bugu. A ƙarƙashinsu kuma akwai guda 12 sirara, an jera makunnansu a gefen wuya. Waɗannan ba a cika taɓa su ba. Ana ɗaure kowace daidai da wani mataki na ragan da za a kaɗa, to duk lokacin da tsirkiyar sama ta iso wannan mataki, sai ta ƙasa ta ɗauki kaɗawa da kanta ta amsa. Makaɗi yana riƙe da sandar ƙarfe a hannun hagu, da ƙumbar roba ko ta waya a yatsun dama. Ya buga sau ɗaya, ya ja ƙarfen, sautin ya bi ta matakai huɗu ko biyar, a bayansa kuma wani amo mai ƙyalli yana tashi yana lafawa. Idan za a canja raga, sai an sake ɗaure duka 12 ɗin.

Haɗuwa a Santa Barbara

A watan Satumba na 1992, wani mai kamfanin faifai ɗan asalin Siri Lanka, Kavichandran Alexander, ya haɗa Bhatt da Ry Cooder a wata ƙaramar majami'a da ke Santa Barbara a jihar Kalifoniya. Cooder gwani ne a jitar wuyan kwalba, kuma a kan wancan kiɗan na Blind Willie Johnson ya gina kiɗan fim ɗin *Paris, Texas* na 1984. Mutanen biyu ba su taɓa ganin juna ba sai ƙasa da awa ɗaya kafin a kunna na'ura, kuma ba su yi gwaji ba. Sukhvinder Singh Namdhari ya riƙe tabla, wato gangar Indiya, ɗan Cooder mai shekara 14, Joachim, ya riƙe wata 'yar ganga. Kiɗa huɗu suka ɗauka. Faifan, *A Meeting by the River*, ya fito a 1993, ya ci kyautar Grammy a 1994. Shekara ɗaya bayan haka Cooder ya sake cin wannan kyauta, wannan karon da faifan da ya yi tare da Ali Farka Touré na Mali.

Faifan Santa Barbara hira ce tsakanin gwanaye biyu, kowa da harshensa: Bhatt ya jefa magana, Cooder ya mayar. Wasu sun bi wannan hanya. Mawaƙin blues Taj Mahal ya yi faifai da Bhatt da N. Ravikiran a 1995, Bob Brozman ya yi da Debashish Bhattacharya a 2003, ɗan Bhatt, Salil, ya yi da Doug Cox na Kanada a 2007. Abin da Manx ya sa a gaba ya bambanta da wannan. Shi so yake harsunan biyu su zauna a bakin mutum ɗaya.

Inda suka yi hannun riga

Kamannin suna da yawa, har sukan ruɗi mutum. Matakai biyar da ɗan koyon blues yake fara koya, su ne daidai matakan raga Dhani: sa, ga na ƙasa, ma, pa, ni na ƙasa. Raga Jog yana amfani da ga biyu, na sama da na ƙasa, a daidai wurin da mawaƙin blues yake lanƙwasa murya. Amma kama da wane ba ta wane.

Blues na yau da kullum yana tafiya ne a kan zagaye mai gaɓa 12, yana sauya gindin kiɗan tsakanin wurare uku: ya bar gida, ya leƙa maƙwabta, ya dawo. Raga ba ya barin gida. Daga farko har ƙarshe tanpura, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, tana riƙe da amo ɗaya, kuma kowane mataki yana samun ɗanɗanonsa ne daga nisansa da wannan amo. Idan ka sauya gindi a kan Mohan veena, tsirkiyoyin ƙasa ba za su bi ka ba, suna nan inda aka ɗaure su. Saboda haka kayan kiɗan da kansa yana tura mai shi zuwa ga tsohon blues na ƙauye, irin na John Lee Hooker da Fred McDowell, wanda yakan daɗe a kan gindi ɗaya ba tare da ya motsa ba.

Akwai kuma batun lokaci. Tsohon faifan garmaho minti uku yake ɗauka, kuma a cikin wannan ma'auni waƙar blues ta girma. Makaɗin raga yakan yi rabin awa a alap kaɗai, wato buɗewar da ake yi a hankali babu ganga, yana gabatar da matakan ɗaya bayan ɗaya, kafin mai tabla ya shigo. Idan ya shigo, zagayen bugu yana iya zama 16, kamar teental, ko 10, kamar jhaptal, ko 7, kamar rupak, kuma dole kowa ya dira tare a kan bugun farko. Blues bugu huɗu ne mai ɗingishi. Sannan blues magana ce: talauci, bashi, jirgin ƙasa, matar da ta tafi. Ragan da ake kaɗawa da tsirkiya ba ya buƙatar kalma ko ɗaya.

Wanda bai san waɗannan bambance-bambance ba, ado kawai zai ara. Haka ta faru a tsakiyar shekarun 1960. Bayan George Harrison ya sa sitar, wani kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya, a wata waƙar Beatles a 1965, makaɗan Yamma suka yi ta yayyafa sautinta a waƙoƙinsu, yayi ya tashi, yayi ya faɗi. 'Yan kaɗan ne suka nutsa. Mike Bloomfield da ƙungiyar Paul Butterfield sun fitar da *East-West* a 1966, kiɗa na minti 13 da ya tsaya a kan amo ɗaya. Daga baya Derek Trucks ya je makarantar Ali Akbar Khan a Kalifoniya, kuma ana jin hakan a hannunsa.

Shekara biyar

A Indiya ba a koyon raga daga takarda. Ɗalibi yana zama gaban malami, malami ya kaɗa jimla, ɗalibi ya maimaita, a sake, a sake, har ta zauna. Sauran yini kuma na riyaz ne, wato bita, awa bayan awa. Ravi Shankar ya bar yawon Turai a 1938 ya tare a garin Maihar wurin Allauddin Khan, bai bar can ba sai 1944. Shi ya koyar da Bhatt, Bhatt ya koyar da Manx. Manx ya shiga wannan silsila ne yana dosar shekara 40, ya zama ɗan koyo a gaban mutumin da ya girme shi da shekara biyar kacal. Ya bi malaminsa wuraren wasa a cikin Indiya, kuma daga hannunsa ya samu Mohan veena.

A ma'aunin Indiyawa, shekara biyar somin-taɓi ce. Akwai waɗanda suka fara tun suna 'yan shekara shida, kuma ba a kira su gwanaye ba sai da furfura ta fito. Manx bai dawo a matsayin Pandit, wato cikakken gwani, ba. Ya dawo Kanada a 2000, ya zauna a tsibirin Salt Spring da ke lardin British Columbia, ya fitar da faifansa na farko da ya yi suna, *Dog My Cat*, a 2001, yana da shekara 46. A cikinsa akwai waƙar Muddy Waters, akwai nasa na kansa, akwai kuma gajerun kiɗa biyu a kan raga Bihag da raga Jog.

Faifai na biyu, *Wise and Otherwise* na 2002, shi ya fi nuna dabarar. A wani wuri ya buɗe da taƙaitaccen Madhuvanti, ragan la'asar, sannan ya zarce kai tsaye cikin "The Thrill Is Gone", waƙar da B. B. King ya shahara da ita. Ba da ka ya zaɓi wannan raga ba. Madhuvanti yana da ga na ƙasa da ma na sama, kuma wannan ma na sama shi ne matakin da makaɗan blues suke ratsawa ta kansa tsakanin ma da pa idan suna son waƙa ta yi ɗaci. Saboda haka lokacin da murya ta shigo da Turanci, kunne ya riga ya saba da wurin. Ba ka jin inda aka yi ɗinkin. Wanda bai zauna ya san ragogi da yawa ba, ba zai san wanne ne zai buɗe wa wace waƙa ƙofa ba.

Faifai sun biyo baya: *West Eats Meet* a 2004, *Mantras for Madmen* a 2005, *Bread and Buddha* a 2009, *Om Suite Ohm* a 2013, da waɗanda ya yi tare da makaɗin jita Kevin Breit. Ya ci kyaututtukan Maple Blues na Kanada, ya kuma samu masu sauraro a Ostareliya da Turai da Amurka.

Hukunci

Masu tsattsauran ra'ayi a ɓangarorin biyu suna da abin faɗa. Mai kishin raga zai ce abin da aka gina don awa ɗaya ba ya shiga minti huɗu, kuma ragan la'asar da aka kaɗa da tsakar dare a gidan rawa ya rasa wani abu. Mai kishin blues zai ce kiɗan da ya fito daga wahalar baƙaƙen Misisipi ya yi laushi da yawa a hannun Baturen Kanada mai neman natsuwar zuciya. Dukansu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Wanda ke son raga cikakke, Bhatt zai nema, mutumin da gwamnatin Indiya ta ba lambar Padma Shri a 2002 da Padma Bhushan a 2017. Wanda ke son blues mai ƙuna, kiɗan Son House yana nan.

Amma ba a auna Manx da abin da bai ce zai yi ba. Akasarin waƙoƙinsa a kan bugun blues suke tafiya, da kalmomi irin na blues, da tsawon waƙar blues. Abin da ya ɗauko daga Jaipur shi ne haƙurin jan sauti, da amon da ba ya yankewa, da sanin wane mataki ke jawo wane yanayi. Makaɗin blues ne da ya yi karatu a Indiya, kuma duk inda aka ba da tarihinsa sunan Bhatt yana gaba. Aro halal ne a kiɗa, kowane salo da aro ya girma. Sharaɗinsa biyu ne, kuma Manx ya cika su: ka zauna ka koya a hannun masu abin, sannan ka faɗi sunan wanda ya koya maka.